Ranar da na kai surukina silima

A duk Hausawan Tottenham babu wanda ya kai ni sanin fim. Haka nake gaya wa kowa a lokacin, kuma idan na fara ba da labarin fim a wajen suna, sai tuwo ya huce a hannun mutane ba su sani ba. Bas nake tuƙawa, amma a bakina ni farfesa ne.

Mahaifin matata ya zo daga Kano ganin likita, ya sauka a gidanmu. Dattijo ne mai tsadar magana, kuma tun da na auri 'yarsa kallon ɗan wasa yake mini. Ana shirin auren ƙanin matata a nan Landan, Alhaji kuwa zai koma kafin ranar, don haka zai zaɓi wanda zai yi wa ango wakilci, ko ni ko mijin yayarta da ke Croydon. Na ci alwashin sai na burge shi.

Sai na ga wata silima tana nuna finafinan wani ɗan Japan. Da ganin fuskarsa na gane shi, shi ne na shirin talabijin ɗin nan da ake sa mutane tsallake taɓo suna faɗawa ciki muna birgima don dariya. Na ce wa matata likita ya ce Baba ya rage tunani, ga magani ya zo. Ta ce in fara kallon ko ɗaya ni kaɗai, ta kuma tuna mini ba a zama kafaɗa da kafaɗa da suruki a cikin duhu. Na ce mata nan Landan ne, kuma na riga na sayi tikiti.

Ashe bawan Allahn nan barkwanci ɗaya ne kawai daga sana'o'insa. Shi ne darakta, shi ne jarumi, yana zane, yana rubuta littattafai, kuma finafinansa na 'yan daba ne. Aka nuno shi zaune, fuska a murtuke kamar wanda aka yi wa rasuwa, shiru har ina jin numfashin Baturen da ke bayana. Kwatsam ya harbe mutum, jini ya wanke bango. Can sai ga wata mata da kayan da ba su isa a kira su kaya ba. In na ce mu tashi, na nuna na san Alhaji ya gani. In na miƙe ni kaɗai, na bar dattijo a baƙon wuri. Sai na kama surutu. Na ce jinin tumatir ne, na ce dariyar tana gaba, matar na sake fitowa na tambaye shi farashin gero a Dawanau. Turawa suka yi ta tsaki har aka turo ma'aikaci ya haska ni da tocila. Alhaji bai ko juyo ba, carbi kawai yake ja.

Na koyi cewa sanin fuskar mutum ba sanin aikinsa ba ne, kuma kunyar da iyayenmu suka sa tsakanin surukai kariya ce ga irinmu. Duk mai baki irin nawa, ya ji maganar matarsa, ya kai surukinsa masallaci ko bakin kogi.

Washegari Alhaji ya kira matata, ina zaune a falon, ya ce na Croydon ne zai yi wakilci. Ya ce fim ɗin bai dame shi ba, jarumin ma ya burge shi da kamun baki. Sai dai aikin wakili bai wuce ya ce ya karɓa ba, in kuwa aka ba mijinta, liman zai kai la'asar yana jira.