Hoton Gida da Aka Aika Makka

Ba zan rantse a kan duk abin da zan faɗa ba, domin ina aji uku na firamare a lokacin, kuma mai yiwuwa na cakuɗa abin da na gani da abin da aka riƙa ba mu labari daga baya. Abin da nake da yaƙini a kai shi ne wata safiyar Asabar da damina, bayan alhazai sun dawo, da aka ɗage mana zuwa gona. An yi mana wanka da sabulu mai ƙamshi, an ciro kayan Sallah daga adaka, an jera mu a jikin katangar zaure a ƙauyenmu da ke kusa da Rurum Tsohon Gari. Ban taɓa shiga hoto ba sai ranar, ko in ce ranar da na zaci zan shiga.

Dalilin taron saƙo ne. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, tana da ƙane, Malam Isa, da ya tafi Makka tun yana saurayi, ya zauna can bai dawo ba. Maƙwabcinmu Alhaji Bala ya gamu da shi wajen aikin Hajji, ya tarar ya tsufa, idonsa ya fara rauni. Saƙon da Malam Isa ya ba shi bai wuce kalma biyar ba: “A aiko mini hoton gida.” Sai mahaifina ya aika Rano aka kira Sale mai hoto. Ya iso a kan keke, ya yi bayani tun daga ƙofa cewa jiya ya yi aikin suna, fim ɗinsa saura ɗauka ɗaya.

Har Sale ya sa ido a kyamara Iya ta fito da sandarta. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa mahaifina, “Duk cikin nan wa Isa ya sani? Kai kanka ba a haife ka ba ya tafi. Wannan katangar kuma jiya-jiya aka yi ta.” A wajenta, gidan da ƙanenta yake nufi shi ne kufai, tsohon mazauninsu a gindin dutse, inda ruwa ke taruwa a wani kwari tsakanin duwatsu. Mahaifina ya ce gida ai mutane ne. Sale ya ce, “Iya, hoto babu mutum ai asarar fim ce.” Ni kuwa na fashe da kuka. Ta ce, “Yi shiru, maigidana, da wannan giɓin naka za a tsorata mutanen Makka?” Ina jin mahaifina bai gamsu ba, amma ba ya musu da uwarsa a gaban jama'a.

Muka bi su ta cikin gonakin gero, raɓa tana jiƙa mana kayan Sallah. Sale ya so ya hau tudu ya ɗauko komai gaba ɗaya, Iya ta ce ba daga can suke ganin wurin ba. Ta kai shi wani falalen dutse a bakin ruwa inda suke wanki suna yara, ta ce ya durƙusa, domin daga ƙasa Isa ya saba kallonsa. Daga nan Sale ya karɓi aikinsa. Ya juya har rana ta koma bayansa, ya matsar da babban dutsen gefe guda maimakon tsakiya, ya rage sama, ya bar bakin falalen a ƙasan hoton. Na ji yana cewa ido ma yana son wurin taka ƙafa kafin ya shiga ruwa. Sai jira, domin yana son inuwar dutsen ta fito a ruwan, iska kuwa ta ƙi kwanciya. Da ta kwanta, shanun Fulani suka zo sha suka dama komai. Muka ci gaba da zama, yunwa tana cin mu. Da ruwan ya lafa, ƙaras ɗaya muka ji, shi ke nan.

Da aka wanko hoton, matan gida suka riƙa juya shi suna neman mutum. Sai da shekara ta zagayo wani maniyyaci ya tafi da shi, shi ne kuma ya kawo amsa. Ya ce Malam Isa ya kai hoton dab da idonsa, sannan ya ce, “Wa ya sare tsamiyar da ke hannun dama?” Iya ta ce, “Ya gane.”

Yanzu ina da waya, nakan je wurin in ɗauki hotuna ba adadi, ina kiyaye duk ƙa'idojin da na karanta. Suna yin kyau, ina tsammani, sai dai babu wanda yake jiran su a ko'ina.

Idan akwai wanda ya tsaya a jikin katangar nan tare da ni, ya kuma tuna abin daban, don Allah ya gyara mini.