Ranar Da Man Birki Ya Tsiyaye A Hanyar Paiko

Tunga

Muna idar da sallar asuba muka bar Tunga, ni da yayana Sule, a tsohuwar bas ɗinsa. Doya za mu ɗauko a Paiko in kai rumfata a Kasuwar Kure. Motar nan ita ke ciyar da iyalinsa da mahaifiyarmu, Inna. Tun kafin mu fita gari na lura sai ya yi ta taka birki kafin ta rage gudu.

"Yaya, lafiya kuwa?"

"Mai ne ya yi ƙasa. In mun isa zan ƙara."

Paiko

Da hantsi muka gama lodi. Muka karya da koko da ƙosai, sannan muka biya wajen Oga Bitrus, wani bakanike ɗan kudancin Kaduna. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito hannunsa jiƙe da mai.

"Sule, fayif ya tsage," in ji shi. "Birkin nan da mai yake aiki. Ka taka, mai ya bi fayif ya matse taya. Babu mai, takawarka banza ce. Bari mota ta kwana, gobe in samo sabo."

Na ce mu bar ta mu hau ta haya. Yaya ya girgiza kai.

"In ta kwana, me za a ɗora a gida? Ɗaure min kawai, a hankali zan tafi."

Bitrus ya ɗaure wurin da roba, ya cika mai.

Gangaren Chanchaga

A shingen hanya aka duba takardunmu, aka ɗaga mana hannu. Muna shiga gangare na ji ƙafar Yaya ta bugi ƙasan mota. Ya sake takawa, ya sake, birki bai kama ba. Nauyin doya na tura mu. A gabanmu ga ɗan acaɓa ya ɗauko mace da goyo.

"Riƙe da kyau, Bala," ya ce da ni. Ya karya kan motar zuwa rami.

Ni na fita da ƙujewa a goshi. Shi kuwa ƙarfen gaba ya danne masa ƙafar dama. Mutanen wurin suka yi ta fama da gatari har rana ta take kafin su zaro shi. A asibiti likita ya kira ni gefe ya ce ƙafar ba za ta tsira ba. Motar ma 'yan gwangwan ne suka kwashe ta.

Gida

Bayan makonni muka dawo Tunga a Keke Napep. Ina gode wa Allah da ya bar mana ransa, da mutanen Chanchaga da ko sunayensu ban sani ba. Inna na tsaye a ƙofar gida. Ta daɗe tana kallon ƙafar wandon da aka naɗe masa da fil.

"Sannunku da hanya," ta ce. Ta juya ta shige ɗaki.