Baba Birki, Direban Sashen Gandun Daji

Ranar da aka ɗauki Baba Birki aiki a jami'armu, Sashen Nazarin Gandun Daji bai ma zama sashe ba tukuna. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen barandar Tsangayar Aikin Gona, inda a da ake ajiye buhunan taki, kuma warin takin bai saki ɗakin ba sai bayan shekara biyu. Malamai biyu ne, da mai buga tafireta, da ɗalibai tara, sai wata tsohuwar a-kori-kura da tsangayar ta gaji da gyaranta ta sallama musu. Motar ce ke neman direba.

A lokacin bai cika talatin ba. A ƙauye ya taso, a hannun kakansa masassaƙi, wanda ya koya masa itatuwa tun kafin ya san baƙi. Daga baya ya shigo gari ya koyi tuƙi, ya yi shekara shida yana jan motar katako. Da ya yi aure sai ya nemi aikin da zai riƙa kwana a gidansa.

Babban malamin, wanda kowa ke kira Dakta, shi ya gwada shi. Ya miƙa masa makulli ya ce ya zaga filin ƙwallo ya dawo. Mota ta ƙi tashi. Ya sauko ya buɗe gabanta, ya ɗaure wata waya da ta kwance, ya busa wani bututu, sannan ya ɗago ya dubi Dakta.

"Yallaɓai, tuƙi ake so in gwada ko kanikanci?"

"Duka biyun," in ji Dakta. "Gobe ka zo da sassafe."

Sunan Birki kuwa a fitarsu ta farko ya same shi. Suna kan hanyar wani daji da ke nesa da gari, ɗalibai na baya suna riƙe da ƙarfe, sai ya taka birki har kawunansu suka gwaru. Dakta ya ɗauka wani abu ya gifta. Ashe bishiya ce ya hango a gefen hanya, wata irin da ya ce rabonsa da ganinta tun rasuwar kakansa. Aka sauka. Dakta ya buɗe littafinsa mai kauri, ya duba ganye, ya ce bishiyar maje ce. Direba ya ce a gafarce shi, amma bishiyar kawo ce. Ya ɓare ɗan ɓawo ya ba Dakta ya shinshina, ya tona ƙarƙashin bishiyar da ƙafa har ya samo wani tsohon kwanso mai baƙaƙen 'ya'ya masu jan kai. Dakta ya sake duba littafi, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya gaya wa ɗalibai su rubuta abin da direba ya faɗa. Kafin su isa dajin an tsaya sau biyar. Da suka dawo ba wanda ya ƙara kiransa da sunansa na gaskiya.

Daga waɗannan tsaye-tsayen ne ma'ajiyar ganyayen sashen ta samo asali. Ba su da matsar ganye irin ta katako, don haka Baba Birki ya riƙa shimfiɗa ganyen a tsakanin tsofaffin jaridu, ya ɗora katako, ya danne da tayar safaya. Idan sun bushe, mai tafireta, wadda ɗalibai ke kira Anti, ta buga sunayensu a 'yan takardu, a manna. Kabad ɗaya aka fara da shi. Kafin shekara uku kwalaye sun cinye rabin ɗakin, har ƙaramin malamin ya koma yin gyaran jarrabawa a baranda.

Abin da ya fi ba Dakta ciwon kai a shekarun nan shi ne kaɗanya. Yana so sashen ya yi renon ta, don ya ga tana ƙarewa a gonaki kuma ba mai dasawa. Ya tara irinta da damina, ya adana a gwangwani a ofis, da shekara ta zagayo aka shuka a leda ɗari biyu. Ko ɗaya bai tsiro ba. Aka canza ƙasa, aka canza taki, aka sake gwadawa, shiru. Wata rana Baba Birki yana cin abincin rana a gida ya ba matarsa labari. Goggo, kamar yadda muke kiranta, ta ajiye cokali ta yi ta dariya. Ta ce ita da ta taso tana tsintar kaɗe da mahaifiyarta ta san cewa ƙwallon da ya bushe ya mutu, a makon da ya faɗo ake binne shi, kuma sai an yi haƙuri don saiwa yake fara yi kafin ya leƙo.

Kwana uku Baba Birki yana juya yadda zai faɗa wa mai digiri uku cewa matar direba ta ce ya yi kuskure. Da ya faɗa, Dakta ya ɗauki littafin rubutunsa ya ce a kai shi gidan. Ya zauna a kan benci a tsakar gida, ƙarƙashin igiyar shanya, yana tambaya tana amsawa, yana rubutawa. Da damina ta gaba aka bi maganarta, fiye da rabi suka tsiro. A takardar da Dakta ya wallafa kan aikin ya sa godiya ga matar direbansu. Har yau kwafin na cikin akwatinta, a ƙasan zannuwa, kuma duk wanda ya yi mata gardama a kan wani abu sai ta tuna masa cewa ita fa an buga ta a takardar turawa.

Jami'a ta ba su fili a bayan gidajen ma'aikata, suka dasa maɗaci da ɗorawa da kaɗanyar nan. Sun nemi wayar shinge, takarda ta kwanta a ofishin shugaban tsangaya wata da watanni. Wata Litinin da safe aka tarar awaki sun bi layi sun cinye kan dashen. Ran Dakta ya ɓaci ƙwarai. Ya ce duk akuyar da aka kama a ɗaure ta a gaban ofis har mai ita ya zo. Washegari Baba Birki ya laɓe a bayan wani suri ya kama bakwai. A cikinsu har da wata fara mai jan zare a wuya, wadda ya sani sarai, don shi ya ɗaura mata zaren. Ta Goggo ce. Ya ɗaure ta tare da sauran.

Goggo ta zo da rana ta kwance abarta ba tare da ta dube shi ba, ta kuma yi kwana biyu ba ta ce masa ci kanka ba. Amma uku daga cikin awakin na gidan shugaban tsangaya ne, kuma sun wuni suna kuka a gaban barandar da yake wucewa. A makon nan aka sa hannu a takardar shinge.

A shekara ta takwas ne masu duba kwasa-kwasai suka zo don su ga ko an isa a zama sashe mai cin gashin kansa. Mutum huɗu ne, masu manyan takardu da ƙarancin fara'a. Sun ga ɗakin, sun ga kwalaye, fuskarsu ba ta nuna komai ba. Baba Birki ya kwashe su zuwa filin dashe. A hanya ruwa ya sauko, motar kuma tana yoyo daidai kan kujerar gaba, sai ya miƙa wa babbansu murfin fulas ya ce ya tare. Mutumin ya riƙe murfin har suka isa. Da ruwa ya ɗauke suka shiga cikin maɗatan, waɗanda a lokacin sun fi mutum biyu tsawo, ganye na ɗiga, ƙasa na ƙamshi. Babban nasu ya yi ta tafiya shi kaɗai har ƙarshen layi, ya dawo ya tambayi Dakta ko da wannan motar aka yi duk aikin nan. Bayan wata biyu takardar amincewa ta zo. Anti ce ta fara buɗe ta, ta fito baranda tana ɗaga ta sama.

Ni na shigo sashen bayan haka da shekara biyu, ɗaya daga cikin ɗalibai mata uku na farko. Ranar fitarmu daji na zo da takalmi mai tsini, don ba wanda ya gaya mini. Maza suka fara ƙus-ƙus. Baba Birki ya dubi ƙafata, ya zaga bayan kujerarsa ya ciro takalman roba na ruwa, ya cusa musu jarida a baki don sun yi mini yawa.

"Sa waɗannan, 'yata. Naki kuma ki ajiye, za su yi amfani ranar da za ki karɓi digiri."

A makon ya kai motar wurin mai walda aka yi mata ɗan tsani a baya, don kada mu riƙa fama wajen hawa. Maza ma da suka yi dariya da shi suka riƙa hawa.

Sashen ya yi ta girma a idonmu. Aka gina mana bene mai hawa biyu, aka buɗe ɓangaren namun daji da ɗakin gwajin katako, ɗalibai suka haura ɗari uku. Dakta ya zama Farfesa, amma a bakin Baba Birki bai tashi daga Yallaɓai ba. Ma'ajiyar ganyaye ta samu ɗakinta mai kabad-kabad na ƙarfe, sai dai babu mai kula da ita. Farfesa ya ce ba ya neman kowa, mai ita yana nan, wato Baba Birki. Amma dokar aiki ta ce sai da jarrabawa. Shekara biyu Baba Birki yana zama gaban teburin Anti a lokacin hutun rana, tana koya masa rubutu mai kyau da dogayen sunayen Latin. Yakan ce sunayen sun fi bishiyoyin tsawo. Ya faɗi a zaman farko, ya ci a na biyu. Ranar da sakamako ya fito ya sayo lemo kwali guda ya raba har ofishin masu gadi.

Barin sitiyari ne ya yi masa wuya. An sayo sabuwar bas, an ɗauki sabon direba, amma duk fita daji Baba Birki na kujerar gaba. Idan ya hango bishiya sai ka ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasan mota. Direbobi uku aka yi a zamaninsa, kowannensu ya kai ƙara cewa Baba na hana shi gudu, kowannensu kuma ya bar aikin yana iya bambance kirya da marke. Tsohuwar a-kori-kura kuwa da ta mutu gaba ɗaya, bai yarda a kai ta bola ba. Aka tura ta bayan wurin renon tsirrai, ya cika bayanta da ƙasa, ana yayyafa iri a ciki.

Na dawo sashen a matsayin malama, ofishina na kallon ƙofarsa. Nakan ji shi yana faɗa da ɗaliban da suka naɗe ganye ba daidai ba, bayan minti biyar kuma in ji su suna dariya tare. Masu digiri na biyu da na uku sukan zo da samfur su tsaya a bakin ƙofa da ladabi. Ba ya taɓa cewa ya sani idan bai sani ba. Sai ya ce a bar masa zuwa gobe, ya kwashi manyan littattafai ya baza a tebur.

Shekara talatin da biyar ya yi. Ranar sallamarsa aka jera kujeru a inuwar maɗatan, tsofaffin ɗalibai suka zo daga nesa, wasu da furfura, wasu da 'ya'yansu. Farfesa, wanda ya riga shi ritaya, ya zo da sanda. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ba da labarin awaki, Goggo tana layin gaba tana girgiza kai tana murmushi. Da aka miƙa wa Baba Birki abin magana ya riƙe shi nesa da bakinsa.

"Ni mota aka ɗauke ni in tuƙa," ya ce. "Na gode da ba a kore ni ba saboda yawan tsayawa."

Ya zauna. Aka daɗe ana tafi.

Yanzu yana gidansa a bayan gari. Ya cika tsakar gidan da dashen mangwaro da lemo a cikin leda, maƙwabta na zuwa suna ɗauka, Goggo na mita cewa ba ta da wurin shanya. A watan jiya na kai musu ziyara da yamma. Na same shi yana aure wa wani mangwaro reshe, jikokinsa na wasa a ƙofar gida. Ya tambaye ni kowa da kowa, har da sabon shugaban sashe, wanda ɗalibinsa ne a da. Da na tashi tafiya ya raka ni bakin titi, ya ce in gaya wa shugaban ya sa a duba kwalbatin da ke bayan wurin reno kafin ruwa ya sauka, don yana jin ya toshe.

Na isar da saƙo. Shugaban ya yi dariya, ya ce Baba ya yi shekara biyu bai taka wurin ba. Duk da haka ya tura ma'aikata washegari, suka kwashe baro huɗu na ganye da yashi daga cikin kwalbatin.