Kujerata a Gefen Ordinater

Ni ban yi boko ba, ban kuma san abin da ke cikin akwatin ƙarfe ba. Abin da na sani mutanen Garwa ne. Na san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya yi fushi ya koma garinsu. Da wannan sanin na yi aiki shekaru a ɗakin jikana.

Jikan nan ɗan babban ɗana ne. Ubansa mahauci, kakansa mahauci, shi kuwa sai ya ɗauki kamera. Yakan je biki ko suna ya ɗauko, ya dawo gida ya zuba cikin ordinater, wadda mutanen Najeriya ke ce wa kwamfuta, ya yanke nan ya haɗa can. Montaj suke kiran aikin. Ordinater ɗin ta zaune ce, akwati a ƙarƙashin tebur, gilashi a sama.

A farkon aikinsa wata mata ta zo har tsakar gida ta zazzage shi, don ya nuna maƙwabciya kafin ita, alhali ita ce goggon amarya. Bai san ta ba. Tun daga ranar ya ajiye mini kujera a gefensa. Fuska za ta fito, in ce wannan yayar uban ango ce daga Bogo, da ita za ka fara. Waɗannan biyun ba sa gaisawa, kada ka jera su. Wannan daga Mokolo ta zo da ciwon ƙafa, bar ta ta daɗe a gani. Haka muke yi har a gama.

Idona ya riga ya yi rauni tun lokacin, amma ordinater ɗin ba mai sauri ba ce. In ya taɓa ta sai ta tsaya, hoton ya daskare, fuska ɗaya ta tsaya a gabana har in duba goshi, in duba tsaga, in tuno uwar mai fuskar. Shi yana tsaki, ni ina aikina.

Ana nan ana nan ya sake kamera. Hoton sabuwar, in ji shi, ya fi na da nauyi. Sai tsayawar ta yi yawa. Da bazara ta shigo, zafin Garwa ya sauka, akwatin ya riƙa huci yana mutuwa da tsakar rana, ko an kunna masa fanka. Masu biki kuma suka canza hali, kowa yana so a sa masa a waya kafin baƙi su watse. Wasu suka fara kai aikinsu wajen wani a bakin kasuwa.

Sai ya kira mai gyara, wani Bafillace mai yawan dariya. Ya kwance cikin akwatin, ya hure ƙura, ya leƙa.

"Hanya biyu ce," in ji shi. "In ƙara mata ƙwaƙwalwa, in sake mata ma'aji. Za ta daina mutuwa, amma tsayawa kam ba za ta daina ba, uwar jikin ta tsufa. Ko kuwa ka sayo wata daga Duwala ka huta."

"In an gyara, za ta kai ni ina?" in ji jikana.

"Za ta kai ka baɗi, kana zaginta." Ya juyo wajena. "Hajiya, a yi haƙuri, ba da tsofaffi duka nake ba."

Na ce, "Ka dai mayar mata da hanjinta yadda ka same shi."

Da ya tafi, jikana ya zauna a kan tabarma yana kallon akwatin. Ni da shi akwai wasan jika da kaka, amarya yake ce mini.

"Amarya, ke ce abokiyar aiki. Gyara ko sabuwa?"

"Angon banza, da ka sayo kamera ka tambaye ni?"

"Yanzu dai na tambaya."

Na ji abin da mai gyara ya faɗa, na kuma gane shi. In an gyara, hoton zai ci gaba da daskarewa, ni kuma in ci gaba da gani. In sabuwa ta zo, ban san ko idona zai iya binta ba. Na kwana da wannan. Washegari da hantsi na ga wani uban amarya ya faka moto, wato babur, a ƙofar gida, ya tsaya bai ko sauka ba, jikana yana ba shi haƙuri da hannu biyu. Da jikana ya shigo na ce masa ya sayo sabuwa.

Sabuwar ta zo a mota, baƙa, ba ta da ƙara. Ba ta tsayawa. Mutane suna wucewa a gilashi kamar ana kora su. Ya ce, "Ki ce tsaya kawai, sai in tsayar." Na ce tsaya, ya tsayar. Na sake cewa, ya sake tsayarwa. Bai taɓa yi mini tsaki ba, amma ina ganin ƙafarsa tana rawa a ƙarƙashin tebur. A da akwatin ne ke tsayar da shi, yanzu ni ce. Sai na riƙa barin fuskoki su wuce, in faɗi waɗanda na kama. Kwanci tashi waɗanda nake kamawa suka ragu. Wata safiya na shanya kuɓewa, na zauna ina korar kaji, ban shiga ba. Bai kira ni ba, aikin kuma ya fita a kan lokaci.

Yanzu yakan zo ɗakina da waya a hannu, in an yi rasuwa dangi suna neman hoton mamaciya a tsohon biki. Ya tsayar da fuskar, ya kawo kusa da idona. Yawanci nakan faɗa masa. Kwanan baya ya kawo wata dattijuwa da lulluɓi ruwan toka, daga cikin waɗanda rikicin kan iyaka ya koro garin nan. Na duba na daɗe, na ce ban san ta ba. Ya ce to, zai tambaya a unguwarsu.