Yashin Yanbu a Gidan Maiwada

Maiwada direban babbar mota ne, jikan mahajjatan da suka taso daga Katsina suka zauna a Madina. Shekara ashirin ya yi yana jigilar siminti daga Yanbu zuwa unguwar Ƙuba, bai taɓa kiwon ko kaza ba. A shekarar 1983 wani masunci a Yanbu, a bakin Bahar Maliya, ya ba shi ɗan kifi fari mai tsawon yatsa, wanda ba shi da aiki sai ya cika baki da yashi, ya tankaɗe, ya zubar ta gefen kansa. Masuncin ya ce, "Abincinsa yana cikin yashin nan, ƙananan halittu ne da ido ba ya gani."

Maiwada ya riƙe wannan bayani a ransa, domin shi ba mutum ne mai yi wa iyali bayani ba. Ya sayi akwatin gilashi da injin hura iska, ya zuba yashi da ruwan teku, ya kafa a ɗakin baƙi.

Wata guda bai cika ba kifin ya fara ramewa, cikinsa ya shige. Maiwada ya zargi injin, ya sake wani. Ya zargi zafi, ya bar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a kunne wuni. Ya riƙa ɗauko jarka huɗu ta ruwan teku a kowane zuwa, har abokan aiki suna yi masa dariya. Kifin dai yana tankaɗe, yana ƙara ƙanjamewa.

Wata Alhamis motarsa ta lalace, ya dawo gida da hantsi. A tsakar gida ya tarar da matarsa Iyatu ta shanya yashin a faifai, fari tas, kifin kuma yana cikin kwano.

"Iyatu! Me nake gani?"

"Wanki, Abu Sabiru. Duk Alhamis nake yi. Ɗauraya uku kamar shinkafa, sannan in tafasa."

"Tafasawa! Kin dafe masa abinci kin zubar!"

"Wane abinci? Ƙarni ne kawai. Baƙi na shigowa ranar Juma'a, in bar su su shaƙi wannan? Da ka faɗa ai da na bari."

Gaskiya kuwa, Maiwada bai faɗa ba. Ya ari motar maƙwabcinsa Lurwanu, ya kama hanyar Yanbu, tafiyar sa'a uku, saboda bokiti ɗaya na jiƙaƙƙen yashi.

Kifin ya rayu. Da ya murmure sai ya binne duwatsun adon da Maiwada ya jera, ya dagula ruwan har ba a ganinsa. Iyatu kan tsaya a ƙofa ta ce, "Masha Allah, Abu Sabiru, yau ma muna kallon laka."

Shi kuwa sai ya yi tsaki, ya naɗe hannun riga, ya shiga tono duwatsunsa.