Tokar Shugabar Makaranta

Mahaifina makarantar 'yan mishan ya yi a Kaduna, har ya rasu yana yabon tarbiyyarsu. Shi ya sa da muka zauna a garin Greensboro, can ƙasar waje, na saka 'yata a makarantar Katolika, duk da mu Musulmi ne.

Wata Laraba na je ɗauko ta tare da Hajiyata, wadda ta kawo mana ziyara daga Kano. Shugabar makarantar ta fito gaishe mu da baƙar toka a goshinta. Ita kuwa Hajiya ba ta ganin datti a fuskar mutum ta ƙyale. Kafin in buɗe baki ta lashi babban yatsanta, ta riƙo haɓar matar, ta goge tas.

"Babbar mace da ke," ta ce mata da Hausa.

A mota na yi mata bayani raina a ɓace: tokar ibada ce, ranar suke fara azuminsu.

Washegari Hajiya ta miƙo mini ƙullin toka daga kaskonta na turaren wuta.

"Kai mata. Ba zan je lahira da ibadar wani a yatsana ba."