Mutumin da Ya Yi Kansa

A tashar bas ta birnin Suva wani saurayi yake tsaye, bakin motar zuwa Nausori, ƙirji a gaba kamar zakara, riga ta sha guga, waya manne a kunne. Wayar tana koya masa Turanci, shi kuma yana maimaitawa da ƙarfi don duk mu ji. Kalmar da ta fi yi masa daɗi ita ce "self-made". Tsotsarta yake kamar alewa, yana leƙa fuskarsa a gilashin mota. Daga gani, bai daɗe da samun kujera a wani ofis ba.

A bayansa wata tsohuwa ce, buhun gwaza a kafaɗa, jakarsa a hannu. Hannuwansa kuwa suna aljihu.

"Sairusi, me kake ta faɗa tun daga gida?"

"Inna, ba za ki gane ba. Ana nufin mutumin da ya yi kansa da kansa, ba hannun kowa."

Ta sauke buhun, ta dube shi sama da ƙasa.

"To, ni naƙudar wa na yi?"

Gogan ya ƙara muryar wayar. Har yanzu jakar tana hannunta.